Wa Ya Shaƙe Kogin Haɗejiya?

Kwale-kwalen kawuna yana kife a gindin goruba, a ƙauyenmu da ke ƙasar Guri, gara ta cinye rabinsa. Da na je gaishe shi bayan sallah, ya kama hannuna ya kai ni bakin mashigin da ya yi shekara da shekaru yana jefa koma a cikinsa. Ban ga ruwa ba. Ciyawar kacala ce tsaye, ta fi mutum tsawo, iya ganin ido. Samari sun shiga har ƙirji da adda suna sara, matsattsaku na manne musu a ƙafa. Kawu ya ce, "Ɗana, inda suka sare yau, kafin wata uku ka dawo ka gani." Tun ranar raina yake a ɓace.

A daina ce mana wannan annoba ce daga sama. Da hannun mutum aka jawo ta. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, dukkansu a kan kogunan da ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya. Kafin nan kogin yana da lokutansa. Da damina ya cika ya malale fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, da rani ya janye ƙasa ta bushe. A wannan cikowa da janyewa arzikin yake. Kifi ya shiga fadama ya hayayyafa, manomi ya shuka shinkafa cikin ruwa, in ruwan ya ja ya bi danshin da wake, Bafulatani ya shigo da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, rijiyoyi kuma su ƙoshi daga ƙasa. Fili ɗaya, mutum uku na ci a shekara, ba taki, ba inji.

Da aka datse, sai babbar ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da kacala ke so ke nan: ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta kafu, ta tare laka, hanyoyin ruwa suka toshe. Ruwan ya karkata ta mashigin Marma ya kwanta a gonakin wajen Nguru, mashigin Burum Gana kuma ya zama kamar ba a taɓa yin kogi a wurin ba. Wasu ruwa ya cinye musu gona, maƙwabtansu ƙishi ya kashe tasu. Cikin kacalar ne tsuntsayen jan-baki ke kwana, da asuba su tashi kamar hadari su sauka kan shinkafa. Na ga yara 'yan shekara bakwai a kan rumfar gona suna kaɗa gwangwani tun hantsi har magariba, a ranar makaranta. Sauro da tsargiya kuwa sun zama 'yan gida.

Ba na ƙin noman rani a Kura da Kadawa, tumatir da shinkafarsu muke ci, Kano ma dole ta sha ruwa. Abin da ke ƙona min rai shi ne lissafin. Buhun da ya fito daga aikin ban-ruwa ana ƙirga shi a rubuta a rahoto. Tarwaɗar da aka yi banda aka kai kasuwa, da nonon shanu, da kabar da mata ke saƙa tabarma, da ruwan rijiya, babu mai rubuta su, don haka aka ɗauka ba su da daraja. Alhali tun shekarun 1990 masu bincike irin su Edward Barbier sun auna, sun nuna ruwan da aka bari ya shiga fadamun nan ya fi kawo amfani a kan wanda aka karkatar zuwa manyan ayyukan ban-ruwa. An sani. Ba jahilci ba ne, rainin talakan ƙasan kogi ne.

A 2006 gwamnonin jihohin da ke raba wannan ruwa suka taru a Damaturu, aka kafa asusun kula da kogin. A je a tambayi masuncin Guri ko manomin Gashuwa me ya canza a mashiginsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a kiransa wurin da ake yanke ranar buɗe ƙofar dam. Sai dai ya ji sanarwa a rediyo ruwa na tafe, ya kwashi yara ya hau tudu.

Kuma har yanzu ana tayar da maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are. Wannan kogin ne ya rage yana kai ruwa Gashuwa da Gaidam, ya bi iyaka ta Diffa inda 'yan'uwanmu na Nijar ke noman tattasai, ya nufi Tafkin Chadi. Kada a taɓa shi kafin a gyara ɓarnar da aka yi a Haɗejiya. A riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa bisa lokutan kogi, a bar fadama ta cika da damina ta bushe da rani. A kawo injinan yashe mashigai su zauna, ba zuwan sati biyu ba. A zaunar da sarakunan ruwa da ardo-ardo da manoma a teburin rabon ruwa, a ba su ƙuri'a.

Kawu ya ce in ruwa ya dawo zai sa a sassaƙa masa sabon jirgi. Gashinsa ya yi fari fat, 'ya'yansa uku kuma suna Legas suna acaba.