Ciwon hanji mai daɗewa: Gudummawa na ƙarewa, jinya na nan

Da wuya mako ya wuce ba a ga sanarwar neman taimako a Facebook ko a zaurukan WhatsApp ba: hoton saurayi ko budurwa a gadon asibiti, takardar likita, lambar asusun banki, sai roƙon a taimaka saboda Allah. Galibi masu ciwon ƙoda ne ko ciwon daji, amma a cikinsu akwai masu fama da kumburin hanji mai daɗewa, ciwon da jama'a ba su san shi sosai ba. Halin da suke ciki ya nuna iyakar abin da asusun taimako zai iya yi.

Likitoci sun kasa ciwon gida biyu. Akwai cutar Crohn, wadda kan kama kowane sashe na hanyar abinci tun daga baki har dubura, akwai kuma gyambon babban hanji. Dukkansu garkuwar jiki ce ke far wa hanjin mai ita, kuma ba a ɗaukar su daga wani. Sun fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35, wato lokacin karatu, koyon sana'a da aure. Alamunsu sun haɗa da gudawa mai jini, murɗawar ciki, rama da ƙarancin jini.

Tun kafin a gano ciwon kuɗi ke fara zurarewa. Alamun sun yi kama da na basir, atuni ko tarin fuka na hanji, don haka mara lafiya kan daɗe tsakanin kemis da masu maganin gargajiya. Ba a tabbatar da shi sai an leƙa hanji da kyamara an ɗebo tsoka an auna, aikin da aka fi samu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Bayan an gano shi, magani na kwantar da ciwon ne, ba ya kawar da shi. Ana shan ƙwayoyi irin su mesalazine ko azathioprine na tsawon shekaru. Wanda nasa ya tsananta kan buƙaci infliximab, da ake sa wa ta jijiya duk mako takwas, ko allurar adalimumab duk mako biyu. Waɗannan biyu daga waje ake shigo da su, kuma dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai isa ya tunkari wannan shi kaɗai ba.

A nan ne asusun taimako ke gazawa. Ya dace da larurar da ke da ƙarshe, kamar tiyata: a faɗi adadi, a tara, a yi aiki, a gode wa Allah. Ciwon hanji kuwa bukatarsa ta wata-wata ce. Roƙon farko kan samu karɓuwa, na biyu ya ragu, a na uku sai a fara tambayar ina kuɗin baya. Ciwon kuma yakan lafa ya sake tashi, ta yadda wanda ya ba da gudummawa zai iya ganin mara lafiyar a kasuwa yana tafiya da ƙafarsa, ya ɗauka an yaudare shi. Idan kuɗi suka yanke aka tsayar da magani, ciwon kan dawo, wani lokaci har da kwanciya asibiti ko tiyata. Wasu kan koma wa prednisolone saboda araha, alhali daɗewa a kansa na raunana ƙashi, yana kuma jawo ciwon sukari da hawan jini.

Tushen matsalar ya wuce gida ɗaya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a suke fita. Alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar hukumar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma tanadi asusun masu rauni, sai dai inshorar ma'aikaci na ɗaukar 'ya'ya huɗu ne 'yan ƙasa da shekara 18. Ke nan ɗan ma'aikaci na fita daga inuwarta daidai shekarun da ciwon ya fi kamu.

Wannan ba dalilin daina taimako ba ne, dalilin sauya salonsa ne. Maimakon neman miliyoyi a tashi ɗaya, ya fi amfani a samu mutum 20 ko 30 daga dangi, abokan aiki ko ƙungiyar 'yan kasuwa da za su ɗauki nauyin wani abu duk wata, kamar yadda ake zubin adashi. A naɗa amintattu biyu ko uku, a riƙa biyan asibiti ko kantin magani kai-tsaye, a nuna rasit. Ya kamata iyaye su yi wa ɗan da ya kai shekara 18 sabuwar rajista a NHIA ko a hukumar jiharsu, kamar KSCHMA a Kano, su kuma tambayi magungunan da tsarin ya ƙunsa tun kafin su biya.

Hukumomin zakka da hubusi na jihohi ma na da rawar takawa, domin wakafi dukiya ce da ribarta ke gudana shekara bayan shekara, irin gudanar da wannan jinya ke bukata. Ga gwamnati kuwa, sanya waɗannan magunguna cikin inshora da sayen su a sari zai rage farashinsu. Muddin ba a yi haka ba, jinyar matashi za ta ci gaba da dogara ga yawan mutanen da suka ga hotonsa a waya, da kuma tsawon lokacin da tausayinsu zai ɗauka.