Kaset ɗin ƙasar Ruma a bayan kwaɗo

Akwai wani tela da na sani a ƙasar Ruma, Allah ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tara kaset. Wasu ya naɗa daga Rediyon Kaduna. Mafi daraja kuwa su ne waɗanda ya saɓi rakodarsa ya je ya ɗauko da kansa: kalankuwa bayan kaka, kiɗan noma, kiɗan 'yan tauri da na mafarauta, daga ƙauyukan Batsari da Safana har Runka da bakin dajin Rugu. Duk wanda ya je shagonsa sai ya shimfiɗa masa tabarma, ya kunna masa, ya gaya masa wane ne makaɗin, a ƙofar gidan wa aka yi wasan. Da ya rasu, magada suka miƙa kwalayen ga wata cibiya da zuciya ɗaya. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna.

Bara na je neman kaset ɗaya tak. Aka ce in kawo takarda daga shugaban sashe, na kawo. Aka ce mai riƙe da mabuɗi ya tafi kwas. Da ya dawo aka ce ba a gama shigar da kayan cikin rajista ba, kuma ko an gama, na'urar saurare ta lalace. Abin da jahilin boko ya bar wa kowa a buɗe, masu digiri sun sa masa kwaɗo.

Hujjar da irin waɗannan cibiyoyi ke kafawa ba ta banza ba ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Zaren kaset yana tsinkewa, zafi da ƙura suna cinye shi, kowace kunnawa tana rage masa kwana. Iyalan makaɗa suna da haƙƙi. A cikin waƙoƙin akwai zambo da habaici da suka ambaci mutanen da jikokinsu ke raye. To amma duk wannan dalili ne na a gaggauta kwafewa zuwa kwamfuta, a ajiye na asali, a buɗe ɗakin saurare mai ƙa'ida. Kaset ɗin da aka kulle ma lalacewa yake yi, sai dai a ɓoye, ba wanda zai ji sa'ad da muryar ta dusashe. Batun haƙƙi kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta bar ƙofa ga mai bincike. Ɗalibar da ta zauna da takarda da biro tana rubuta baitoci ba 'yar fashin fasaha ba ce.

Ba mu muka fara ganin kundin mutum ɗaya ya koma hannun hukuma ba. Hugh Tracey ya kafa taskarsa ta kiɗan Afirka a 1954, ta koma Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu a 1978. An kwafe faya-fayan, har ana mayar da wasu ga al'ummomin da aka ɗauko su. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya karɓi kundin Alan Lomax a 2004, kuma a 2012 aka sa dubban waƙoƙin da ya naɗa a intanet, kowa ya saurara kyauta. A namu ɓangaren, abin da David Ames ya naɗa na kiɗan Hausa a shekarun 1960 ya fito a faya-fayan garmaho a Jamus, shi da Anthony King, wanda ya yi nazarin kiɗan bori a Katsina, suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Baƙi ke nan. Sun fitar da abin da suka tara, mu kuwa muna zaune a kan namu kamar kaza a kan ƙwai, ba ƙyanƙyasa.

Kada kuma a ce babbar cibiya ita ce mafaka. A watan Oktoban 2023 masu kutse suka durƙusar da kwamfutocin babban ɗakin karatu na Birtaniya, masu bincike suka daɗe ba su kai ga kayansa ba. Kwafi ɗaya a gini ɗaya kasada ce ko a Landan.

Abin da ya sa zancen ya fi ciwo a yammacin Katsina shi ne halin da ƙasar take ciki. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, dajin Rugu ya gagari mafarauci, dandalin da ake kwana ana kiɗa ya zama wurin da ba a kai wa magariba. Shata ya yi sa'a: ya rasu a 1999 waƙoƙinsa na cikin kowace mota, an kuma rubuta littattafai a kansa. Makaɗin gangar noma na wani ƙauye a Safana ba shi da kowa sai wancan kaset. Tsofaffin da za su iya cewa muryar wane ce wannan suna gudun hijira a Batsari da birnin Katsina, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Rajistar da ake jira a gama, su ne kaɗai za su iya cike ta.

Saboda haka ina kira ga magadan da ke da irin waɗannan kwalaye: kada ku miƙa sai da yarjejeniya a rubuce. A faɗi watan da za a gama kwafewa, a faɗi wanda zai iya saurare da yadda zai nema, a kuma mayar da kwafi ga iyali da garin da aka ɗauko waƙar. Idan cibiya ta ce ba za ta iya ba, ku fara kai kayan wurin mai gyaran rediyo da yaron da ke tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, su sauke muku su a katin waya kafin ku sa hannu a kowace takarda.