Ka Cire Jakar Iska Don Sitiyarin Gayu: Wa Ka Yi Wa Wayo?

Yau zan taɓo maganar da na san za ta ɓata wa wasu rai, har da abokaina na kusa. Maganar sitiyarin gayu ce, ɗan ƙaramin nan mai ƙafa uku da samarinmu ke yayin ɗaurawa a Civic da Golf da Corolla. Da wuya mako ya wuce wani bai ɗora hoto a zauren nan ba: ga sabon sitiyari yana ƙyalli, ga tsohon an jingine shi a bango da jakar iskarsa, an rubuta "da hannuna na ɗaura". Mu kuma mu bi shi da "sai kai oga". Ni dai na daina wannan kirarin, kuma ga dalilina.

Kada wani ya ce ban san daɗin abin ba, don ni ma na yi. Shekarun baya na ɗaura wa Civic ɗina da kaina. Na miƙar da tayoyi, na cire kan batir, na kwance kusoshin da ke riƙe da jakar, na zare soket ɗin nan mai ruwan ɗorawa, na kwance babban notin tsakiya, na zura boskit, na ɗaure kusoshi shida. Ko awa biyu ban yi ba. Sauƙin aikin shi ne tarkon. Abin da injiniyoyi suka yi shekaru suna gwadawa, suna fasa motoci a bango don su daidaita shi, kai da sifana biyu ka warware shi kafin la'asar, har kana jin ka zama bakanike.

Ina tayar da motar fitilar SRS ta kama, ta ƙi mutuwa. Kowa a nan ya san maganin da ake bayarwa: a soka ɗan rizista mai om biyu zuwa uku a bakin wayar. Kwamfutar motar tana auna wayar da ke kunna jakar ne, in ta ji nauyin da ta saba ji sai ta ɗauka jakar na nan, ta kashe fitila. Wasu ma ko wannan wahalar ba sa yi, baƙin salatif suke liƙa wa fitilar ko su cire ƙwanta. To ranar da aka yi karo, kwamfutar za ta aika wuta kamar yadda aka tsara mata, wutar ta tarar da rizistan da bai kai kuɗin ruwan leda biyu ba. Ita motar ba ta da ƙirji. Kai ne mai ƙirji da fuska a bayan sitiyarin.

Bari mu tuna abin da ake cirewa. Jakar iska tana cika a ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, kafin ka ƙifta ido ta gama aikinta. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci rayuka sama da 50,000 daga 1987 zuwa 2017. Tun daga ƙirar 1998 dokar ƙasar ta wajabta jaka biyu a gaban kowace ƙaramar mota sabuwa. Da yawan motocin da muke hawa daga can suka zo, da kariyarsu a jiki. Mu da muke bin hanyar Kano zuwa Zariya da ta Kaduna zuwa Abuja, inda tirela ke iya ɓullo maka a hannunka cikin dare ba fitila, mu ne kuma muke cire ta.

Hujja ta farko da ake kawo mini ita ce, "Ai ina ɗaura bel." Madalla, ci gaba da ɗaurawa. Amma bel ɗin yawancin motocin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki tare da jakar. Da farko yana fizgo ka ya manne da kujera, sannan in nauyin jikinka ya kai wani mizani sai ya ɗan saki da gangan don kada ya karya maka haƙarƙari. Yana sakin ne bisa lissafin cewa akwai jaka a gaba da za ta tare ka. Ka cire jakar, bel ɗin bai sani ba, zai sake ka kamar yadda aka koya masa, ka tarar da ƙarfe da kawunan kusoshi shida. In kuma ka ƙara da abin nan da ake zare sitiyari a tafi da shi, ko sitiyarin mai zurfi kamar kwano ne, ka ƙara matso da ƙarfen kusa da fuskarka.

Hujja ta biyu: "Motocin tsere ma ba su da jaka." Gaskiya ne. Amma direban tsere yana zaune cikin kejin ƙarfe, an ɗaure shi da ɗamara mai madauri biyar ko shida wadda ba ta barin jikinsa ya matsa, kansa da hular kwano, wuyansa da abin tallafi. Wannan abin wuyan ma sai da aka rasa rayuka kafin ya zama dole. Dale Earnhardt, ɗaya daga cikin manyan direbobin tseren Amurka, ya mutu a gasar Daytona ta 2001 sakamakon karayar ƙashin gindin kai, kuma a shekarar aka tilasta wa direbobin gasar sanya shi. Sannan a filin tsere kowa hanya ɗaya ya nufa, ba mai Adaidaita da zai yi kwana ba sigina, ba garken shanu. Kai a cikin duk kayan nan sitiyarin kaɗai ka ɗauko, ka shiga gari da jallabiya da silifa.

Sai maganar ingancin abin da muke saye. Momo da Nardi kamfanonin Italiya ne, kuma na ainihinsu ba araha gare shi ba. Wanda aka sayar maka a kuɗin cika tanki da tambarinsu a jiki, kai ma ka san jabu ne. Nawa haka yake. Wata rana na faɗa rami da ɗan gudu, na dafe shi da ƙarfi, ina ji ya lanƙwashe a hannuna kamar murfin tukunyar gwangwani. Ranar jikina ya yi sanyi. In rami ya yi masa haka, me karo zai yi? Ga kuma boskit ɗin araha, wanda haƙoransa ke iya cinyewa a kan sandar sitiyari. Birki in ya ƙi, kana da giya da birkin hannu. Sitiyari in ya saki a kwana, ba ka da na biyu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Takata, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Jakunkunan wannan kamfani na Japan sun kashe mutane. Sinadarin da ke cikinsu yana lalacewa da zafi da laima, sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe. A Amurka kaɗai an yi kiranyen kusan miliyan 67, kamfanin ya durƙushe a 2017, kuma Civic da Accord na 2001 da 2002 suna cikin mafi haɗari. Motocin nan cike suke da titunanmu, zafi kuwa ba sai an faɗa mana ba. Amma mai wannan damuwar abin da ya kamace shi shi ne ya ɗauki lambar jikin motarsa mai harufa da lambobi 17, in 'yar Amurka ce ya duba ta a shafin NHTSA, in tana ciki ya nemi a canja masa da lafiyayya. Yawancin masu kawo mini wannan hujja ba su taɓa dubawa ba. Sun riga sun ɗaura abinsu, daga baya suka nemo dalili.

Akwai masu cewa in kwana ya ƙare ko jaka goma ce ba ta hanawa. Ban musa ba. Amma ban taɓa ganin mai wannan magana ya cire birkin motarsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kai kaɗai ke shiga bayan sitiyarin nan ba. Uwargida za ta kai yara makaranta da ita. Ƙaninka zai ara ranar biki. Wata rana kuma za ka sayar. Na san waɗanda in za su sayar sai su mayar da tsohon sitiyari ba tare da sun haɗa wayar ba, rizista na nan, fitila a mace, mai saye ya tafi yana murna ya samu mota lafiyayya. Wannan ha'inci ne, ko da wane suna aka kira shi.

Ban ce kada kowa ya taɓa sitiyarinsa ba. Mai tsohuwar Peugeot 504 ko Beetle, wadda dama ba ta zo da jaka ba, ya sa mai kyau na ainihi, ba abin da ya rage. Wanda ya ware mota don fili kawai, ya yi mata keji da ɗamara, wannan daban. Wanda fatar sitiyarinsa ta ɓare, masu ɗinki suna nan, za su naɗe masa sabuwa ya fito fes. Wanda ke son maɓallai da kyan riƙo, ya nemi na babbar ƙirar motarsa mai jakarsa a jiki. In za ka yi da kanka, ka cire batir ka jira mintunan da littafin motarka ya ce, don akwai ragowar wuta a na'urar. Ka ɗauki jakar fuskarta na kallon gaba, ka ajiye ta tana kallon sama, kada ka kuskura ka auna ta da mita. Kada ka bar faifan wayar da ke bayan sitiyari ya juya, in ya goce daga tsakiya zai iya tsinkewa a kwana, oda da jaka su tafi tare. Notin tsakiya kuma a ɗaure shi da sifana mai awo.

Ni na mayar da nawa na asali, na haɗa wayarsa, na ga fitila ta kama ta mutu da kanta kamar yadda ya kamata. Na gayun yana rataye a gareji har yau, na ƙi sayar wa kowa.

Roƙona ga shugabannin zaure: duk wanda zai ɗora hoton sabon sitiyari, ya faɗa mana ƙirar motar da inda jakar take. Mu kuma mu rage tafi, don yara masu sabon lasin suna karanta mu, kuma abin da muka yaba shi za su yi. Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa, ya zo da hujja. Allah Ya kai mu gida lafiya.