Wai Mu Tafi Facebook

Tun da ma'aikatar yaɗa labarai ta Kano ta sanar, a watan Mayun 2025, cewa an hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a gidajen rediyo, 'yan bokonmu suke ta tafi. Wai an huta da sojojin baka. Wai zamani ya ci gaba, mai ƙorafi ya ɗauki wayarsa ya rubuta a Facebook. Madalla da wannan basira!

Masu faɗin haka sun kwana biyu ba su shiga lungunan Yakasai ko Koki ba. A cikin badala, tsohuwar da kwata ta cika mata ƙofar gida, da maɗinkin da tiransifomar unguwarsu ta ƙone tun bara, ba su san wani majalisi da ya wuce akwatin rediyo ba. Tun da Freedom ta fara aiki a 2003 talakan Kano ya gane cewa da 'yar rakani-kashi da katin naira ɗari zai iya sa kwamishina gumi. Shirin da aka naɗa aka tace kuwa, wa zai bugo waya a cikinsa? Har an ce kada mai gabatarwa ya yi tambayar da za ta tunzura baƙo. To ina amfanin tambayar da ba ta motsa kowa?

Ita intanet ɗin da ake tura mu, kyauta ake rabawa a Kurmi? A Janairun 2025 hukumar NCC ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Sai kuma caji. Ka kai waya shagon mai janareta, ka biya, a ba ka lamba, ka koma da yamma ka tarar batirin rabi, kana cika baki a ce layi ya yi yawa. Wani ma ya tarar an musanya masa caja. Ka dawo gida, katangar ƙasa ta tare sabis, sai ka hau soro kana ɗaga hannu. Cibiyar CITAD ta shekara da shekaru tana kiran a ba al'umma damar kafa nasu hanyoyin intanet masu rahusa. Masu tafin nan ko sau ɗaya ban ji sun taya ta ba.

Za a ce ai ana zage-zage a rediyo. Ana yi, sai me? Kotu tana nan, hukumar NBC ma tana nan, kuma ita doka ta ba linzamin gidajen rediyo, ba kwamishinan jiha ba. Da yawa cikin masu murnar yau su ne suka cika gari da kururuwa a Yunin 2021 da Buhari ya rufe Twitter wata bakwai. Ran nan 'yancin magana sunansa. Yau ya zama rashin tarbiyya.

Kuma wannan tsohuwar cuta ce a garin nan. Waɗanda suka banka wa Gidan Rediyon Kano wuta ranar 10 ga Yulin 1981, suka kashe Dakta Bala Muhammad, su ma cewa suka yi mutuncin manya suke karewa. Abin takaici, masu rantsuwa da sunan Malam Aminu Kano da Rimi a kowane taro, su ne yanzu ke miƙa wa baƙon rediyo takardar alkawari ya sa hannu kafin a kunna masa makirufo.