Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Ina godiya ga malaminmu na Hausa da ya ba ni wannan fili domin in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ya jawo mini faɗa a gida, har aka karɓe mini kayan aiki mako uku cur. Wannan abu kuwa shi ne zanen sitika a kan tabulet. Da yawa daga cikin iyayenmu suna ganin shiririta ce ta 'yan zamani. Ni kuwa ina ganin sana'ar hannu ce wadda ya kamata a bar mu mu koya, amma bisa sharaɗi biyu. Na farko mu zana abin da yake namu. Na biyu kada zanen ya ci lokacin karatu.

Kafin in yi nisa, bari in yi bayani saboda iyayen da ba su san abin da nake nufi ba. Tabulet wata ƙaramar kwamfuta ce shafaffiya, girmanta bai wuce na ƙaramin allon karatu ba, ana rubutu a kan gilashinta da yatsa ko da wani alƙalami nata. A cikinta mutum yana iya buɗe littafin tsara lokaci, mai shafi-shafi na kwanaki da makonni da watanni, ya rubuta abin da zai yi kowace rana. Sitika kuma 'yan ƙananan hotuna ne da ake mannawa a shafin don su zama alama: wannan ranar jarrabawa ce, wannan lokacin bita ne, wannan ranar biyan kuɗin makaranta ce. Ido yana saurin kama alama fiye da dogon rubutu, shi ya sa ake yin su.

Na fara sanin wannan abu ne a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe makarantun Jihar Zamfara saboda rashin tsaro, aka kuma katse layukan waya. Muna zaune a gida a Gummi, ba makaranta, ba waya, kwana da yini duk sun zama ɗaya. Yayana da yake karatu a jami'a a Sakkwato yana gida a lokacin, yana kuma da wata tsohuwar tabulet. Da ya ga ina neman in manta da littattafaina, sai ya tsara mini jadawali a cikinta, ya manna masa sitikun da ya riga ya sauko da su tun kafin a katse layi. Wannan jadawali shi ya riƙe ni har aka koma makaranta.

To, amma akwai abin da ya dame ni game da sitikun nan. Duk a ƙasashen Turai da Amurka aka zana su, kuma don rayuwar can aka yi su. Alamar hunturu ita ce ƙanƙara tana zubowa kamar auduga. Alamar hutu tana kan Lahadi. Alamar safiya kofin gahawa ne mai tururi. Na duba sama da ƙasa ban ga alamar Juma'a ba, ban ga ta azumi ba, ban ga ta ranar kasuwa ba, balle ta shuka ko girbi. Ko da na so in rubuta sunan ranakun da Hausa, sai na tarar yawancin haruffan adon da ke ciki ba su da ƙ da ɗ da ɓ. In na rubuta "ƙarfe" sai ya fito "karfe", ko kuma wani ɗan akwati ya tsaya a wurin harafin. Nan na tuna da maganar da kakata take yawan yi in ta ga yarinya tana taƙama da kayan wata, wai zanen aro ba ya rufe katara. Ita zanen ɗaurawa take nufi, amma na ga maganar ta hau kan zanen hoto daidai wa daida.

Saboda haka na ƙudura niyyar in zana nawa. Shahararriyar manhajar zane ita ce Procreate, wadda wani kamfani na tsibirin Tasmaniya a Ostareliya ya fitar a 2011, amma saye ake yi, kuma sai mai na'urar kamfanin Apple. Ni da ibisPaint nake aiki, ta ƙasar Japan, wadda take hawa kan Android kuma ana samun ta kyauta. Ga yadda aikin yake a taƙaice. Manhajar tana ba mutum shimfiɗu hawa-hawa, kamar a ɗora farar leda a kan wata. A shimfiɗa ta farko nakan yi zane sama-sama. A ta biyu in bi shi da baƙin layi mai kauri. A ta uku in zuba launi, yadda ko na yi kuskure ba zai taɓa layin ba. Daga nan in kewaye hoton da farin baki, in ɓoye shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya, in ajiye shi a tsarin da ake kira PNG, wanda yake barin bayan hoto fayau kamar gilashi. Shi ke nan, sitika ta samu. Sai in ɗauke ta in manna a jadawali, in ƙara mata girma ko in rage, in kwafe ta sau ɗari in na ga dama. Duk wannan ba ya bukatar intanet.

Yanzu ina da jinjirin wata na Azumi da na Ƙaramar Salla da na Babbar Salla. Ina da zangarniyar gero ta kaka, da hadari na damina, da kwalekwale saboda kogin Zamfara da yake gefenmu. Ina da faifai na ranar kasuwa, da allo na lokacin Islamiyya, da tulu na lokacin ɗiban ruwa. Sunayen ranakun mako kuwa, daga Asabar har Juma'a, da hannuna na rubuta su, kowane harafi mai lanƙwasa da lanƙwasarsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne dagi, wannan ƙulli da muke gani a bangon fada da jikin riguna. Sai da na yi kwana huɗu ina bin zarensa, inda ya hau da inda ya shige ƙasa, kafin ya fito daidai. Tun daga ranar na daina raina masu ɗinkin hannu.

Wannan shi ne dalilina na farko na cewa abin nan sana'a ce, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamin da yake yi wa allo zayyana ranar saukar karatu mai zane ne. Maɗinkin da yake fitar da aska takwas a gaban babbar riga mai zane ne. Haka mai sassaƙar ƙwarya, da magini mai yi wa soro ado, da mai yi wa amarya lalle. Hannu da ido da haƙurin da suke bukata, su ne dai mai zane a tabulet yake bukata. Abin da ya sake kawai shi ne allon. A shekarar 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce su koyi dabarun da Turawa suke koyarwa, amma su zana abin da suka gada a gida. Sun zama manyan masu zane na ƙasar nan. Har ila yau, tutar Nijeriya da muke tsayawa gabanta kowace safiya, ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, a 1959, lokacin yana karatu a Landan.

Dalili na biyu shi ne abin yana da kasuwa. Ku duba kowane biki a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, za ku ga robobi da kofuna da ake rabawa duk da sitika a jikinsu. Ku duba kwalbar turaren wuta da ledar kilishi da robar yaji, kowa yana son a san kayansa da alama. Wani ne yake zana waɗannan, kuma biyansa ake yi. Sau da yawa sai an aika Gusau ko Sakkwato ko Kano. Me zai hana a ce ɗan garin ne ya zana? Ni kaina na zana wa gwaggona alamar da take mannawa a kwalaben humrarta, ta ba ni kuɗin da na sayi littafin tambayoyin jarrabawar baya. Bayan wannan, tun 2018 WhatsApp ya ba da damar aika sitika, kuma kowa yana iya haɗa nasa. Wanda ya iya zanen jadawali ya riga ya iya wannan.

Sai dai kuma ba zan ɓoye laifina ba, domin a nan ne sharaɗi na biyu ya shigo. Bara, ana saura mako ɗaya gwajin lissafi, na zauna dare uku ina yi wa jadawalin bita kwalliya. Na sake launinsa ya fi sau goma. Jadawali ya yi kyau ƙwarai, duk wadda ta gani a aji sai ta yaba, amma ban buɗe littafin lissafi ba ko sau ɗaya. Da sakamako ya fito na ji kunyar kai shi gida. Baba ya duba takardar, ya duba tabulet, ya ce, "Ke 'yar nan, wannan allon naki ya yi zayyana amma ba a yi sauka ba." Ya sa ta a akwatinsa ya kulle. Na yi kuka, na ce a raina Baba bai fahimci zamani ba. Yanzu na gane ya fi ni fahimta. Jadawali alkawari ne da mutum yake yi wa kansa, kuma ado ba ya cika alkawari. Masu duba takardun WAEC da NECO ba za su tambayi launin jadawalin kowa ba.

Bayan mako uku Inna ta sa baki, aka yi sulhu. Baba ya ce, "Ranar Asabar bayan La'asar zuwa Magariba naki ne, ki yi zanenki. Sauran kwanaki ki bi abin da kika zana." Ya kuma tambaye ni ko ina zana surar mutane da dabbobi, na nuna masa duk abin da na yi, ya ga ganye ne da ƙulli da haruffa da kayan gida, hankalinsa ya kwanta. Tun daga nan ba mu sake samun saɓani ba. Har ma ya sa na buga masa jadawalin damina a takarda, da alamar ranar shuka da ta noman farko da ta zuba taki, ya liƙa a bangon zaure.

Na san wasu za su ce wannan zance ne na 'ya'yan masu hali, tun da ɗalibai nawa ne suke da tabulet, ga kuma kuɗin caji? Gaskiya ne, ni ma ta gado nake riƙe da ita, gilashinta duk ya tsage. Amma manhajar nan tana hawa kan ƙaramar waya, kuma yatsa yana isa. Wanda ba shi da ko wayar, fensir da takarda da almakashi da gam sun ishe shi farawa, domin hannun da ya ƙware a takarda ba zai sha wuya a gilashi ba. A ajinmu nakan kai sitikuna shagon buga takardu a fitar mana a shafi ɗaya, mu yanka mu raba, kowa ta manna a littafinta.

Daga ƙarshe ina da roƙo guda uku. Iyayenmu, don Allah in kun ga yaro ya duƙufa a kan waya, ku matso ku ga abin da yake yi kafin ku yanke hukunci, in zane ne ku yanka masa lokaci kamar yadda Baba ya yi mini. Hukumar makaranta, muna roƙon a kafa mana ƙungiyar zane, ko da sa'a ɗaya ce a mako, a riƙa gayyato mai zayyana ko maɗinkin riga daga cikin gari ya nuna mana yadda ake fitar da layi. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, mu daina wadatuwa da kwafar abin da wasu suka zana don rayuwarsu, mu zana namu, sa'an nan in mun tsara lokaci mu bi shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.