Jatan Lande Mai Farauta Da Guduma

Jama'a masu karatu, yau ƙarƙashin teku muka nufa. A ruwaye masu ɗumi, musamman Tekun Indiya da na Fasifik, akwai wata halitta dangin jatan lande, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan ƙoƙi-ƙoƙi saboda yadda take naɗe hannuwanta. Nau'o'inta sun haura 400. Waɗansu masu suka ne, suna cake kifi. Waɗansu kuwa masu duka ne, su ne abin zancenmu.

Galibi tsawonta bai wuce taƙi guda ba, amma takan farfasa ƙwanson dodon koɗi da na ƙaguwa ta ci naman. A shekarar 2004 Sheila Patek da abokan aikinta a Amurka suka auna saurin bugun, ya kai mita 23 a daƙiƙa ɗaya, a cikin ruwa fa!

Lalle tsoka kaɗai ba ta iya wannan. Dabarar irin ta maharbi ce: tsokar takan lanƙwasa ɓawon hannun sannu a hankali kamar ana ɗana baka, wani maƙali ya riƙe, sa'an nan ya saki gaba ɗaya. Don tsananin sauri, ruwan kansa yakan yi kumfar tururi, kumfar ta fashe a jikin ƙwanson, ta zama duka na biyu.