A Kai Ɗaliban Laburare Zauren Malamai

Tun 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke horar da ma'aikatan laburare, kuma jami'o'i da dama sun bi sahunta. Sai dai har yau ɗalibi kan kammala digiri, ya ƙware a tsarin Dewey na jera littattafai, amma a miƙa masa gafaka ɗauke da waƙar ajami ya rasa ta inda zai fara.

Tsarin Dewey ya fito ne a Amurka a 1876, kuma ya gaji kallon da mahaifarsa ke yi wa ilimi: Kiristanci da littafinsa sun mamaye lambobi 220 zuwa 289, Musulunci kuwa aka dunƙule shi a 297. Ƙa'idojin katalogi kuma suna neman sunan marubuci da maɗaba'a da shekarar bugu. Rubutun hannu na malamanmu warwarorin takardu ne marasa ɗinki, sau da yawa ba lambar shafi. Kalmar da aka ɗiga a ƙasan takarda ita ke nuna wadda ke biye. Littattafan Adabin Kasuwar Kano ma da yawansu ba shekarar bugu. Abin da bai shiga katalogi ba kuwa, da wuya mai nazari ya riske shi.

Gidan Arewa da ke Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato sun adana kundaye masu daraja, amma ɗimbin wasu suna hannun magada, gara da danshi suna cin rabonsu. Magadan nan ba sa buɗe adaka ga baƙo mai takardar tambayoyi, musamman waɗanda aka taɓa arar littafin kakansu ba a mayar ba. Wanda ya zauna da su, ya yi musu ladabi, shi suke nuna wa.

Saboda haka ra'ayina shi ne a raba watannin koyon aiki gida biyu: rabi a laburaren jami'a, rabi a zauren malami ko shagon littattafai na Kasuwar Kurmi, kuma shaidar malamin ta shiga makin ɗalibi. A tura ɗalibai mata cikin gida, inda modibbai mata ke riƙe da waƙoƙin Nana Asma'u, inda namiji ba ya shiga.

Dama ta samu, domin manhajar da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Ya kamata sassan Hausa su nemi gurbi a nan, su koyar da karatun ajami ga ɗaliban laburare tun masu iya warware hannun magabata suna raye.